Nama da kayan lambu a kasko kafin Isha'i: a tafasa naman ko a soya shi ɗanye?

Maman Hanifa, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni a kan haɗin nan na nama da kayan lambu da ake soyawa sama-sama a wuta mai ƙarfi, irin girkin mutanen Sin, wanda ake ci da farar shinkafa. Ana ta cewa minti 20 ya isa a sauke. To amma naman shanunmu in ba a tafasa ba tauri yake yi, in kuma an tafasa sai ya koma naman miya, ga kabeji da karas su saki ruwa su yi laƙwas. Gida mai mutum shida, nama rabin kilo, ana son a ci tsakanin Magariba da Isha'i. Wace hanya ce daidai?

Hajiya Kulu, Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki tafasa abinki. Shanun da aka kawowa kasuwar Kara ba na turke ba na, dabbobi na da sunka sha tafiya wurin kiwo, tsokarsu ta ƙeƙashe. Ki sa naman da albasa rabi, citta, tafarnuwa da ɗan gishiri, ruwa kofi biyu, ki bar shi bisa wuta har ruwan ya rage kamar rabin kofi. In ya huce ki yanka siri-siri ki soya. Romon da ya rage shi za ki zuba ga kayan lambu daga ƙarshe. Yara da tsofaffi duk su ci ba wahalar tauna.

Anti Luba, Arkilla:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, hanyarki tana fitar da abinci mai daɗi, amma wani girki ne daban, kuma ba za ta shiga minti 20 ba. Naman da aka tafasa minti 20 ko 25 ma a lokacin ne ya fi tauri, domin zafi ya matse tsokar ya fitar da ruwanta, jijiyar ciki kuma ba ta kai ga narkewa ba. Kafin ta narke sai an haura awa ɗaya. Nama hanya biyu yake yin taushi: ko ya daɗe ƙwarai a wuta, ko ya taɓa wuta minti biyu kawai a kwashe. Abin da ke tsakani shi ne tauri. Wannan girkin na hanya ta biyu ne, shi ya sa aikin duka yana wurin zaɓen tsoka da yanka, tun kafin a kunna wuta.

Malam Umaru mai nama, Kasuwar Daji:
Gaskiyar Anti Luba ta. Mafi yawan masu kukan tauri, tun bisa teburin mahauci anka kayar da su. Mutum ya ce “a ba ni na dubu kaza”, sai a haɗa mishi tsoka da agara da ƙirji da ƙashi, a daddatse ƙanana. Wanga nama na miya na, ba ya yin suyar minti biyu ko da mi anka sa mishi.

Hajiya, in kin zo ki ce gadon baya kike so, tsoka zalla, guda ɗaya, kar a yanka. Wadda ta fi duka ita ce doguwar tsokan nan da ke kwance cikin gadon baya ta ciki, wadda aka ce ma filet. Biyu ta kacal ga saniya, kuma masu otal da masu tsire na kwashe ta tun da safe, sai an yi sammako ko a bar sallahu. In ba a samu ba, tsokar saman cinya ta yi. Ki guji ƙauri da wuya da ƙirji. Tozo kuma kitse na, ya fi dacewa da gashi.

Ki duba launi. Ɗan bijimi namansa ja na mai haske, kitsensa fari. Tsohuwar saniya namanta ja na mai duhu, kitsen ya yi ɗorawa. Ko Bokoloji na ko Rahaji, shekarun dabba sun fi irinta tasiri ga taushi.

Maman Hanifa, Mabera:
Na gode Malam. To yankan fa? Tsoka ɗanya santsi take yi a ƙarƙashin wuƙa, ba ta yankuwa siriri.

Malam Umaru mai nama, Kasuwar Daji:
Ki fara feɗe farar fatar nan mai sheƙi da ke manne bayan tsokar, ita ka sa nama ya nannaɗe cikin kasko. Sannan ki duba, za ki ga zaren naman ya bi hanya guda. Ki tsaga tsokar bisa tsawon zaren, ta zama sanduna masu faɗin yatsa biyu ko uku, sannan ki yanka kowace sanda a gicciye, kina datse zaren. Kaurin kowane yanki milimita 3 zuwa 4. In kin bi tsawon zaren, haƙori na zai yi aikin da wuƙa ba ta yi ba. Maganin santsi kuwa, ki sa tsokar cikin firiza minti 20 zuwa 30, ta ɗan sandare amma kar ta zama ƙanƙara. Kuma a wasa wuƙa.

Anti Luba, Arkilla:
Bari in kawo awon na mutum shida, Maman Hanifa.

Naman da aka yanka, rabin kilo, ki tsane shi da tsabtataccen ƙyalle har ya daina ɗigar ruwa. Ki zuba soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗanon nan na waken suya, cokali biyu na cin abinci, ruwa cokali biyu, masoro rabin cokalin shayi, ki murza da hannu har naman ya shanye ruwan. Sai kwanfulawa, wato sitacin masara, cokali ɗaya ki sake murzawa, daga ƙarshe man gyaɗa cokali ɗaya. Tsarin nan da dalili: kwanfulawa tana yi wa naman rufi ta riƙe ruwansa, man kuma yana hana yankan mannewa da juna. In kika fara sa mai, sauran ba sa shiga. Ki ajiye minti 15.

A cikin mintocin nan ki ɗora shinkafa, ki yanka karas biyu a karkace siri-siri, koren wake cikin kofi ɗaya, koren tattasai biyu da ja ɗaya a tsaye, albasa babba ɗaya yanka mai kauri, kwatan kabeji manya-manya. Tafarnuwa sala huɗu, ɗanyar citta gaɓa ɗaya da tarugu ɗaya ko biyu ki jajjaga su wuri guda. A kofi kuma ki dama ruwa kofi ɗaya, soya sos cokali biyu, kwanfulawa cokali ɗaya, sukari rabin cokalin shayi. Komai ya kasance a gefen murhu, domin da an fara suya babu sararin komawa neman wuƙa.

Ki ɗora kasko ba mai, ya yi zafi har in kin yarfa ɗigon ruwa ya tsere nan take. Mai cokali biyu. Rabin naman kawai za ki zuba, ki baza shi kowane yanki ya taɓa kasko, ki ƙyale shi minti ɗaya cur ba juyawa. In ƙasan ya yi ja ki juya, rabin minti zuwa minti ɗaya, ki kwashe ko da akwai ɗan sauran ja a jiki, zai ƙarasa daga baya. Ki jira kasko ya sake ɗaukar zafi, ki yi kashi na biyu.

Sai kayan lambu, mai tauri shi ne gaba. Karas da koren wake minti biyu, ki yayyafa ruwa cokali biyu ki rufe minti ɗaya, ki buɗe ruwan ya ƙone. Albasa da tattasai minti ɗaya da rabi. Kabeji minti ɗaya. Ki buɗe tsakiya ki sa ɗan mai da jajjagen, daƙiƙa 20 har ƙamshi ya tashi. Ki mayar da nama da ruwan da ya tsatso a kwano, ki sake motsa haɗin kofin nan domin kwanfulawa tana kwanciya a ƙasa, ki zuba ta gefen kasko. Da ya tafaso ya yi kauri yana sheƙi, abin da bai wuce minti ɗaya ba, ki kashe wuta, ki watsa lawashi ki matsa lemun tsami rabi.

Suyar kanta minti 12 ce zuwa 15. Yanke-yanke ne ke cin lokaci, don haka in za a faɗi gaskiya daga wuƙa zuwa faranti minti 35 zuwa 40 ne, sai dai in an yanka kaya tun La'asar.

Ummu Sudais, Runjin Sambo:
Anti, raba rabin kilo gida biyu ba ɓarnar gas ba ce? Kaskon ai yana ɗauka gaba ɗaya.

Anti Luba, Arkilla:
Kasko yana ɗauka, wutar ce ba ta ɗauka. Ɗanyen nama kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne. In kin tula shi, zafin kasko ya faɗi, ruwan ya fito ya taru, kuma muddin akwai ruwa a kasko zafinsa ba ya wuce digiri 100. Jan nan mai ƙamshin suya ba ya samuwa sai zafi ya haura wajen digiri 140. Sai ki zauna jiran ruwa ya tsotse minti takwas ko goma, naman ya yi fari-fari ya yi tauri. Kashi biyu kuwa minti biyu-biyu ne, gas ɗin ma ya fi sauƙi. Kunnenki zai gaya miki: muddin kina jin cuuu mai ƙarfi suya ake yi, da kin ji ya koma ɓul-ɓul dahuwa ta fara, ki rage kayan.

Hajiya Kulu, Gidan Igwai:
Na ji bayaninku, Luba, kuma yankan gicciye gaskiya na. Amma ba kowa ka samun gadon baya ba, wata abin da maigida ya aiko da shi cikin leda shi na abin girkinta. Ga irin wannan ni dai ban bar maganar tafashe ba. In kuma an ƙi tafasawa, ga kanwa. Gutsure kamar ƙwayar wake, a jiƙa da ruwa cokali uku, a bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama a murza ga naman minti 15, a ɗauraye sau biyu a tsane.

Malama Asma'u, Gwiwa:
Hajiya ta kawo abu mai tushe. Kanwa da bekin soda dangi ne, dukkansu suna rage tsamin tsoka, sai zaren naman ya kasa matsewa sosai idan ya ji wuta, ya riƙe ruwansa. Matsalar kanwa ita ce ƙarfinta ba ɗaya ba ne, ungurnu daban, jar kanwa daban, wata ma da ƙasa a ciki. In ta yi yawa nama yakan yi duhu, ya yi santsi, ya ba da ɗanɗanon sabulu. Bekin soda ta fi auno: rabin cokalin shayi a rabin kilo, minti 20, a ɗauraye a tsane sosai kafin a sa su soya sos. A lura, bekin foda ta kek ba ita ba ce, an riga an haɗa ta da sinadari mai tsami, aikinta a nama kaɗan ne.

Filet ba ya bukatar ko ɗaya daga ciki. Ga tsokar cinya ne ake yi. Agara da jijiya kuwa kanwa ba ta narkar da su, nan maganar Hajiya ce daidai: a dafa su har su yi laushi tun da rana, da dare a soya kayan lambu a zuba naman a minti na ƙarshe.

Masu sa ɗanyar gwanda ko ganyenta su kiyaye lokaci. Tana cin nama da gaske, yankan milimita 3 in ya wuce minti 15 a ciki sai ya dagargaje a kasko.

Malam Umaru mai nama, Kasuwar Daji:
Akwai abu guda da ba a ambata ba. Dabbar da anka yanka da asuba, kafin maraice namanta shina cikin sanƙarewa, lokacin ya fi tauri. In ya kwana ɗaya ko biyu cikin firij, wurin sanyi ba wurin ƙanƙara ba, tsokar na saki da kanta. Wanda firijinsa ke riƙe sanyi ya sayi na Talata ranar Litinin. Amma in wutar lantarki ba ta tsayawa unguwarku, kar a gwada, musamman cikin zafin Afrilu da Mayu. A saya a dafa ranar.

Amaryar Bado:
Don Allah Anti, in babu soya sos fa? Kuma na ji ana cewa akwai giya a ciki.

Malama Asma'u, Gwiwa:
Ƙanwata, soya sos na asali daga waken suya, alkama, gishiri da ruwa ake yin sa, a bar shi ya tsimu watanni, kuma tsimin yakan bar ɗan burbushin barasa. Wasu kamfanoni ma suna ƙarawa don kada ya lalace. Ki karanta jikin kwalba ki ɗauki mai tambarin halal. Abin da ya fi bukatar lura shi ne girke-girken Sin da yawa suna sa giyar shinkafa a jiƙon nama, wannan a bar ta gaba ɗaya, lemun tsami da citta sun isa kashe ƙarni.

Sai gishiri. Cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da gishirin da ya haura giram biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini. Awon Anti Luba cokali huɗu ne ga mutum shida, ya wadatar. Kar a ƙara dunƙule uku da gishiri a kai, musamman gidan da ke da mai hawan jini.

Hajiya Kulu, Gidan Igwai:
Amarya, daddawa na nan. Ta kalwa, rabin ƙwallo, ki daka ta lukui da dunƙule biyu, ki jiƙa da ruwan ɗumi kofi ɗaya ki tace, shi za ki dama kwanfulawa ciki. Ga jiƙon naman kuma rabin cokalin shayi na gishiri da ruwa cokali uku. Daddawar batso kar ki sa nan, ƙarfinta na danne tattasai da karas, ki bar ta ga miyar kuka.

Anti Luba, Arkilla:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Hajiya, har na fi son sa da shinkafar gida. Launin dai ba zai yi duhu kamar na soya sos ba. In kwanfulawa ce babu, sitacin rogo yana yi, a ɗan rage awon domin ya fi yauƙi. Kastad kam a'a, akwai kala da ƙamshin zaƙi a cikinsa. Fulawar alkama kuma tana sa romo ya yi dishi-dishi, ga ɗanɗanon ɗanyen gari in bai daɗe a wuta ba.

Ummu Sudais, Runjin Sambo:
Wane kasko ya fi? Kuma gidan da ke da mutum goma sha biyar yaya za a yi?

Anti Luba, Arkilla:
Baƙin kaskon ƙarfe na tuyar ƙosai shi ne ya fi kusa da wanda mutanen Sin ke amfani da shi, ga zurfi ga faɗin baki, kuma in ya sha mai ba ya kama abinci. A kan kurfoti da gawayin da ya ruru ya yi jawur, zafinsa ya fi na ƙaramin kan gas. A gas, kasko mai shimfiɗaɗɗen gindi da nauyi ya fi, domin mai zurfin gindinsa kaɗan ne ke taɓa wuta. Kaskon nan mai baƙin shafe da ba ya kamu, kar a bar shi kan wuta mai ƙarfi ba komai a ciki, shafen yana lalacewa in zafi ya haura digiri 260. Risho wutarsa ba ta da ƙarfi, a raba naman kashi uku ko huɗu.

Mai kuma, man gyaɗa tatacce ya fi jure zafi. Na ƙuli yana saurin hayaƙi da kumfa, a fara soya yankan albasa a ciki a tsame kafin a sa nama. Ɗanyen man shanu da bota suna ƙonewa, manja kuma yana canja girkin gaba ɗaya.

Mutum goma sha biyar, nama kilo ɗaya da kwata, kashi biyar kenan. Kayan lambun ma ba za su shiga kasko ɗaya ba. Dabarar ita ce a tsoma karas da koren wake a tafasasshen ruwa minti biyu, a tsame a watsa musu ruwan sanyi a tsane, sannan a soya kayan kashi biyu ko uku ana juyewa a babbar tukunya. Romon a dama shi a tukunyar, a haɗe komai minti ɗaya. Wannan ya kusa awa guda, sai an sami mai taya yanka.

Malama Asma'u, Gwiwa:
Tunda naman ba ya daɗewa a wuta, tsabta ta zama dole. Katakon da aka yanka ɗanyen nama a wanke shi da sabulu kafin kabeji ya hau, ko a fara da kayan lambu a ƙare da nama. Kwanon da aka jiƙa ɗanyen nama ba shi ake kwashe soyayye a ciki ba. Naman da aka jiƙa kar ya wuce awa ɗaya a waje a irin zafin garin nan, in za a jinkirta a sa firij. Mai juna biyu da ƙananan yara a tabbatar nasu ya dahu babu ja ko kaɗan, yankan siriri minti ɗayan nan na cikin romo yana ƙarasa shi.

Maman Hanifa, Mabera:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Saura tambaya ɗaya. Da hunturu kayan lambu sun cika kasuwar Ramin Kura da araha, amma da damina karas da kabeji tsada suke, ga su duk sun yi yaushi. Me za a sa madadinsu? Tumatir zai shiga?

Hajiya Kulu, Gidan Igwai:
Tumatir ruwa na zalla, da ya shiga kin koma miyar dage-dage. Da damina ki nemi 'yar ƙaramar kuɓewa ɗanya, ki wanke ki shanya ta bushe sarai, ki datse kan kawai ko ki raba biyu a karkace, ki soya ta ita kaɗai minti uku ba ruwa ba rufi. Haka ba ta yauƙi. Yalo ma na yi, amma shina shan mai, a yanka a barbaɗa gishiri minti goma a matse. Albasa a ninka ta, ai nan gidanta na, ta Goronyo da Wurno ba ta yankewa kasuwa ko da ta yi tsada.

Anti Luba, Arkilla:
Alayyafo ma yana shiga, Maman Hanifa. Ki raba kara da ganye, karan ya bi sahun tattasai, ganyen ya shiga bayan kin zuba romo, daƙiƙa 30 kawai. Zogale kuwa ɗanyensa da ɗaci da tauri, sai an tafasa shi minti biyar an matse. Kowane ganye ne, in kin wanke ki baza a matsami ko faranti tun kafin ki fara yanka nama, domin ruwan wankin da ya maƙale a jikinsa shi ke fara kashe zafin kasko. In kin sa alayyafo ko zogale da yawa, ki rage ruwan romon zuwa kashi uku cikin huɗu na kofi, ganyen zai cike sauran.